Laburaren da ke bayan kowane Dakta: yadda aka ƙwato tarihin Arewa daga gafaka da fayil

1/ Jama'a, yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

Duk wanda kuka ji ana ce wa Dakta, ina nufin na digirin digirgir, akwai ɗakin da ya yi shekaru yana zarya a cikinsa. Ranar walima ana gode wa malamai, a gode wa iyaye, a gode wa mai ɗaki. Laburare kuwa ba mai tuna shi. To yau shi za mu tuna, ta hanyar labarin yadda aka sake rubuta tarihin Arewacin Najeriya.

2/ Da farko mu gane abin da ake nema wajen mai digirin digirgir. A digirin farko so ake ka san abin da aka riga aka sani. A na uku kuwa sharaɗin shi ne ka zo da abin da ba a sani ba. To ta yaya za ka san abu sabo ne, in ba ka karanta abin da aka rubuta kafin kai ba? Nan fa gizo ke saƙar. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

3/ Don haka buƙatunsa uku ne. Yana son tushe na asali, wato wasiƙu, rubutun hannu da fayil-fayil na gwamnati. Yana son mujallun bincike na kwanan nan, don ya san inda muhawara ta kwana. Yana kuma son kundayen waɗanda suka riga shi, kada ya shekara biyar yana haƙa rijiyar da wani ya gama haƙawa tuntuni. Duka ukun nan a wuyan laburare suke.

4/ Mu koma shekarun 1950. Yawancin tarihin Arewa da ke cikin littattafan boko, jami'an mulkin mallaka ne suka rubuta shi. H.R. Palmer ya juya Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908. E.J. Arnett ya fitar da nasa juyin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1922. Sun yi aiki, ba musu. Amma da idon mai mulki suka kalli abin, sai jihadin Shehu ya koma labarin Fulani sun ci Haɓe da yaƙi, shi ke nan.

5/ Har a 1963 wani babban farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito yana cewa Afirka ba ta da wani tarihi da za a koyar tukuna, in ban da na Turawan da suka shigo ta. A daidai lokacin da yake wannan magana, gafakoki a zaurukan Sakkwato, Gwandu, Kano, Katsina, Zariya, Borno da Yola cike suke da rubutu. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello kaɗai sun bar ɗaruruwan littattafai.

6/ Kenan rubutu akwai shi. Matsalar ita ce mai bincike bai san inda yake ba. Littafin da ke cikin gafakar wani malami a wata unguwa, daga shi sai almajiransa suka san da zamansa. Ɗalibin jami'a ba zai kafa hujja da abin da bai gani ba, kuma mai jarraba shi ba zai yarda da hujjar da ba zai iya zuwa ya duba da kansa ba. Sai an sami wanda zai tattara, ya jera, ya ce ga abu kaza a wuri kaza.

7/ An fara wannan aiki a Ibadan. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, shugaban laburarenta na farko kuma John Harris ne, mutumin New Zealand. A 1950 aka yi doka cewa duk littafin da aka buga a Najeriya sai an kai wa laburaren nan kwafi. Ku lura da hikimar: tun ƙasar ba ta da ɗalibin digirgir ko ɗaya, an fara tara masa abin da zai karanta.

8/ Wani ma'aikacin laburaren, W.E.N. Kensdale, ya shiga neman rubuce-rubucen Larabci na Arewa, ya fitar da katalog ɗinsu tsakanin 1955 da 1958. Kada ku raina katalog fa. Jeri ne mai faɗin sunan littafi, wa ya rubuta, shafi nawa, lambarsa nawa a kanta. Da shi ne mai bincike a Ibadan ko Landan zai san cewa Abdullahin Gwandu yana da littafi a kan shari'a da mulki, kuma ga inda zai same shi.

9/ A gefe guda Kenneth Dike, masanin tarihi wanda daga baya ya shugabanci jami'ar, ya matsa wa gwamnati lamba har aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954. Reshenta na Kaduna shi ne ya zama rumbun fayil-fayil na Arewa: rahotannin razdan da di'o, lissafin haraji da jangali, shari'un kotu, rigingimun sarauta. Duk wanda ya yi bincike a can ya san lambobin SNP, Kanoprof, Sokprof da Zarprof kamar sunayen 'ya'yansa.

10/ Sai wani malami ya iso Ibadan a 1955, H.F.C. Smith, Baturen Ingila wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A 1961 ya buga maƙala yana cewa an yi sakaci da wani babban babi na tarihin Afirka ta Yamma, wato juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19. Saƙonsa ga ɗalibai a fili yake: ku koyi Larabci, ku je ku karanta abin da mutanen suka rubuta da hannunsu.

11/ Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai wani saurayi, Murray Last. Ya tare a Sakkwato a farkon shekarun 1960, ya zauna gaban Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu. Tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, ofishin Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasa. Gidan ya adana takardun nan fiye da shekara ɗari, kuma Waziri Junaidu da kansa masanin tarihi ne kuma marubuci.

12/ Last ya kare kundinsa a Ibadan a 1964, yana cikin digirin digirgir na farko-farko da wata jami'ar Najeriya ta bayar. A 1967 ya fito a matsayin littafi, The Sokoto Caliphate. Kafin nan, Daular Fulani littattafan Turawa suka fi kiran ta. Daga wannan aiki ne sunan halifancin Sakkwato ya bazu har ya shiga littattafan sakandare. Wasiƙun sun nuna daula ce mai tsari, mai ofisoshi da dokoki da hanyar ɗaukaka ƙara.

13/ Ku tsaya nan ku ɗan yi tunani. Laburaren da ya ɗauki nauyin wannan bincike, kaso mai tsoka nasa a cikin gida yake, a hannun iyalin da suka gaji takardu kaka da kakanni. Jami'a ta zo ta tarar da al'adar adana ilimi a ƙasar nan, sai ta ɗora a kai. Da gidan Waziri ya bar gara ta cinye takardun, da babu wannan kundi.

14/ Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Smith ya dawo can ya kafa sashen tarihi. Babban laburaren jami'ar aka sa masa sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa. Yana da rassa: na Kennedy a Kongo don shari'a da mulki, na aikin gona a Samaru, da na likitanci. Ginin da kuke ɗaukar hoto a gabansa ranar kammala karatu, a tsakiyar shekarun 1970 aka tare a cikinsa.

15/ A 1964 aka ƙaddamar da Shirin Binciken Tarihin Arewa, haɗin gwiwa tsakanin Zariya da Ibadan. Dabarar mai sauƙi ce. A je garin malami, a roƙi aron littafi, a ɗauki hotonsa shafi-shafi a kan maikurofim, a mayar masa da abinsa. Maikurofim wani siririn fim ne da ke ɗaukar ɗaruruwan shafuka, ana karanta shi da na'ura mai haska shi a allo. A shekarar dai John Hunwick ya buɗe cibiyar tattara rubutun Larabci a Ibadan.

16/ Wannan aiki duk a kan amana ya tsaya. Mutumin da ya gaji littafi daga kakansa, ba ya miƙa shi ga baƙo don kawai ya zo da mota da takardar jami'a. Sai an bi ta fada, an bi ta malamai, an zauna an gaisa, an kuma dawo da abin da aka ara lafiya lau. Duk lambar rubutun hannu da kuka gani a ƙasan shafin wani kundi, akwai irin wannan tafiya a bayanta.

17/ A 1970 Smith ya jagoranci kafa Gidan Arewa a Kaduna, a harabar gidan Sardauna da ke titin Rabah, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Aka mai da wurin cibiyar bincike da adana takardu a ƙarƙashin jami'ar. Sai ɗalibin tarihi ya sami murhu mai duwatsu uku: laburaren Zariya, Gidan Arewa, da ma'ajiyar takardu ta Kaduna, duk a tazarar da ba ta kai tafiyar awa biyu ba.

18/ Ga abin da aka girba, duka kundayen digirgir na Zariya:
Sa'ad Abubakar a kan Fombina, 1970.
Yusufu Bala Usman a kan Katsina, 1974.
Muhammad Nur Alkali a kan Kanem-Borno, 1978.
Mahmud Modibbo Tukur a kan mamayar Ingila, 1979.
Abdullahi Mahadi a kan sarauta da tattalin arzikin Kano, 1982.
Abdullahi Rafi Augi a kan Gobir, 1984.
Cikin shekara 15, 'yan ƙasa sun rubuta tarihin ƙasarsu, a jami'ar ƙasarsu.

19/ Bala Usman ya haɗa rubutun hannu da fayil-fayil da hirarrakin da ya yi da dattawa a ƙasar Katsina. Da su ya ƙalubalanci masu fassara komai da ƙabila. Ya nuna cewa in kana son gane abin da ya faru a Katsina kafin jihadi da bayansa, sai ka dubi birane da karkara, fatauci, haraji, da alaƙar malamai da masu sarauta. Har gobe ana jayayya da shi, amma ba mai tsallake shi.

20/ Na Tukur kuwa, wanda ya taɓa shugabantar ASUU, labarinsa ya fi taɓa zuciya. Ya ɗauki rahotannin Turawan mulki da kansu, ya karanta su da idon basira, ya fito da ta'asar da ke kwance a ƙarƙashin kalmominsu masu laushi. Ya rasu a 1988 kundin bai zama littafi ba. Sai a 2016 aka buga shi. Shekara 37 kenan. Duk tsawon lokacin nan a kan kanta ya rayu, ɗalibai na zuwa suna karantawa suna kafa hujja da shi.

21/ Yaya aikin yake a zamanin? Ba kwamfuta, ba waya. Za ka tsaya gaban durowoyin katako masu ɗauke da dubban ƙananan katuna, kana bi da yatsa, ko ta sunan marubuci ko ta fanni. Ka kwafi lamba, ka hau bene ka nemo. Abin da ka karanta ka rubuta da hannu a kati. In littafin babu, laburarenku ya rubuta wa wani laburaren a aro maka, ko a ba ka takardar gabatarwa ka hau mota ka tafi.

22/ A nan ma'aikacin laburare yake zama rabin malami. Shi ya san wace mujalla ce ta zo makon jiya, wane kundi aka kawo bara mai kama da naka, wane akwati ne ba a gama jerawa ba amma akwai abinka a ciki. Sana'a ce da ake karanta ta: Zariya ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare a 1968.

23/ Amma ba duka dukiyar ce ta zauna gida ba. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano, ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubuce sama da 3,000. Yau suna laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka. Har wani ɗan Najeriya, Abdullahi Mohammed, ya yi digirin digirgir a can a 1978 a kan wannan tarin. An adana su da kyau, gaskiya ne. Amma ɗalibin Kano sai ya tsallaka teku kafin ya taɓa takardun da aka rubuta a garinsu.

24/ Haka manyan takardun mulkin mallaka suke a Landan da Oxford. 'Yan uwanmu na Nijar nasu suna Dakar da Aix-en-Provence a Faransa. Shi ya sa aikin Boubou Hama yake da girma: ya tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda yanzu suke cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Mai binciken Gobir ko Katsina da bai leƙa can ba, rabin labari ya ji, don iyakar nan ta zo ne bayan tarihin.

25/ Sai aka shiga shekarun wahala. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, aka karya darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya a farashin gwamnati. Zuwa 1987 dala ta kai wajen naira 4, zuwa 1993 wajen naira 22. Mujallun bincike kuwa da dala da fam ake biyan kuɗinsu, shekara-shekara. Laburare bayan laburare suka daina biya.

26/ Ku gane illar. Mujalla jeri ce, fitowa bayan fitowa. In an yanke shekara goma, an yi rami a ilimin jami'a gaba ɗaya. Mai binciken magunguna ko aikin gona ya fi shan wahala, domin a fanninsa maƙalar da ta shekara goma ta tsufa. Sai ka ga kundin da aka rubuta a tsakiyar shekarun 1990 yana kiran aikin 1980 da sunan bincike na baya-bayan nan. Ba laifin ɗalibin ba ne, abin da ya tarar a kanta kenan.

27/ An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 1990 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 120 ga jami'o'in tarayya, har da sayen littattafai da mujallu. Yajin aikin ASUU na 1992, ƙarƙashin Attahiru Jega, ya haifar da yarjejeniyar ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanarwar jami'a. Daga nan aka sami harajin ilimi na 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda ya zama TETFund a 2011.

28/ Intanet ta zo ta buɗe wata ƙofar. AJOL ta fara tara mujallun Afirka a 1998. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo HINARI a 2002 don fannin lafiya, AGORA ta biyo a 2003 don aikin gona, OARE a 2006 don muhalli. A 2006 ɗin JSTOR ya buɗe rumbunsa kyauta ga jami'o'in Afirka. Dubban mujallu, kyauta ko da rahusa, ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

29/ Ga inda da yawanmu ke tafka asara: waɗannan rumbuna da jami'a suke yin rajista, mabuɗin kuma yana hannun laburare. Sai ka ga ɗalibi yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana roƙon wa zai sauke masa maƙala, ko yana shirin biyan dala 30 a kan shafi 15, alhali jami'arsa tana da hanyar shiga. Tambaya ɗaya a sashen intanet na laburare ta isa.

30/ Su ma kundayen sun fara hawa intanet. Zariya tana da rumbunta mai suna Kubanni, sunan kogin da ya ratsa jami'ar, inda ake sauke kundayen digiri na biyu da na uku. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka tana da DATAD mai tattara bayanan kundaye daga ƙasashe daban-daban. Wannan yana rage maimaita aiki, yana kuma tona asirin masu kwafe kundin wani su canza sunan gari.

31/ Na san wani zai ce, Malam, ai yanzu komai na Google, ga kuma AI. To ka gwada tambayar su abin da ke cikin fayil ɗin harajin gundumarku na 1925 da ke kwance a Kaduna, ko wasiƙar ajami da ke akwatin kakanka. Na'ura abin da aka ɗora mata ta sani. Abin da ba a ɗauki hotonsa ba, ba a jera ba, a wajenta babu shi. Kuma in ta rasa, tana iya ƙirƙiro maka littafin da ba a taɓa rubutawa ba, har da shafi.

32/ Takarda kuma tana mutuwa. Gara, yoyon rufi, ƙurar hunturu, zafi, gobara, da hannun ɓarawo. Shi ma maikurofim yana lalacewa in ba sanyi. A Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona ko sun kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Mafi yawan dukiyar garin ta tsira ne don wasu sun riga sun fitar da ita a ɓoye zuwa Bamako. Namu ba ya buƙatar yaƙi, sakaci kaɗai ya isa.

33/ To me za mu yi?
In kana digiri na biyu ko na uku, kafin ka tsayar da take, je ka zauna da ma'aikacin laburare, ka duba kundayen sashenku, ka karɓi mabuɗin rumbunan mujallu.
In ka gama, tabbatar kundinka ya shiga kanta ya kuma hau intanet.
In gidanku akwai gafaka, kada a raba ta warƙa-warƙa wajen gado. A nemi jami'a mafi kusa ta ɗauki hoto, asalin ya zauna hannunku.

34/ Masu ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku ma da ku nake. Gina ƙofa da sa suna a allo yana da daɗi, amma sola da na'urar ɗaukar hoton takardu a sashen adana kundaye sun fi daɗewa suna amfani. Ku kuma riƙa tambaya: kason laburare na kuɗin TETFund, me aka saya da shi bana?

35/ Abdullahi Smith ya rasu a 1984, Waziri Junaidu a 1997, Bala Usman a 2005. Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da suka karanta da abin da suka rubuta yana nan a Sakkwato da Zariya da Kaduna, yana jiran masu zuwa. Tarihin garuruwa da yawa, da na mata, da na masu sana'a, da na bayi, har yanzu ba a gama rubuta shi ba. Wataƙila mai rubuta shi yana cikin masu karanta zaren nan.

Ku faɗa mana a ƙasa: yaushe rabonku da shiga laburaren makarantarku, kuma a wane hali kuka same shi? Ku tura wa duk wanda kuka san yana fama da kundi. 🙏🏾